Fuskar Baba a Ɗakin Ajiya

Kun yi ta turo mini saƙo wai ina ja wa bawan Allah rai. Wata ma cewa ta yi in ba na so in turo mata lambarsa, ita tana da wajen ajiye shi. Na yi dariya, amma dariyar iyakarta baki. Yau zan faɗa muku abin da na daɗe ina kewayewa, sai ku yanke mini hukunci da kanku.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni: ni ce auta a gidanmu, mu biyu Mama ta haifa, daga Yaya sai ni. Baba ya rasu ina sakandare. A asibiti nake aiki, sashen gashin ƙari, amma ni ba likita ba ce. Likita ne zai nuna mana ƙarin da ke cikin kan mutum a hoto, wani bai wuce ƙwayar wake ba, mu kuma mu zauna gaban kwamfuta mu tsara yadda haske zai shiga ta kusurwoyi da yawa ya taru a kan ƙarin shi kaɗai. Kuskuren da bai kai kaurin farce ba yana iya taɓa jijiyar da mutum yake murmushi da ita. Shi ya sa ba ma kwantar da kowa sai mun fara gwada tsarin a kan wani kan roba mai ma'auni a ciki, mun tabbatar hasken ya sauka daidai inda lissafi ya ce.

Shi kuma mutumin da kuke tausayawa, Mai Faci nake ce masa. A ginin bincike na bayan asibitinmu yake. Ranar da muka fara haɗuwa na tambaye shi aikinsa, sai ya ce, "Ki ɗauka kowane ɗan Adam littafi ne a rubuce cikin jininsa. Injinmu ba ya iya karanta shi a haɗe, sai ya yayyaga shi gutsi-gutsi. Ni ne mai zama in jera yagaggun takardun, in gano wacce ke bin wacce." Na ce, "Ashe dai faci kake yi." Tun daga ranar sunan ya bi shi. Shi kuma ya rama da Malamar Haske.

Shekara ta zagayo yana neman in ba shi izini manyansa su zo. Ni kuma kullum da uzurin da zan kawo.

Ranar Litinin ɗin da zan koma aiki bayan ɗan hutun da na ɗauka, ina tsaye gaban madubi ina naɗa mayafi ruwan toka a kan doguwar rigata baƙa, Mama ta turo ƙofa da kofin shayi a hannu. Ta ajiye a kan durowa, kusa da kwalbar turarena, ta zauna a bakin gado. Duk ranar da Mama ta zauna a bakin gadona ta gyara zaman gilashinta, na san akwai shari'a.

"Auta, jiya gwaggonki ta sake kira."

"Tana lafiya?"

"Lafiyarta ƙalau, bakinta ma lafiya. Cewa ta yi ko sai ta mutu za a yi bikin nan a bayan idonta."

"Mama, aiki ne ya yi mini yawa."

"Aiki? Shi yaron zaman banza yake yi? Faɗa mini aibinsa guda ɗaya in ji."

Na sunkuya ina neman takalmin da ke gabana. Ba shi da aibi, masu karatu. Aibin a wajena nake tsoron yake.

Bari in gaya muku yadda Baba ya tafi. Da kunnen hagu abin ya fara. Idan ana magana sai ya karkatar da kai ya miƙo kunnen dama, yana murmushi kamar mai neman afuwa. Daga baya ya fara dafa bango in yana tafiya. Daga baya ɗaya kunnen ma ya ɗauke, gefen fuskarsa ya saki, ya koma zama a kujerar falo mai hannun katako yana bin bakunanmu da ido. A gidanmu ba a taɓa kiran sunan ciwon ba. Sai da na yi karatu, na fara ganin hotunan kawunan mutane, sannan na gane abin da ya ci shi: ƙari a kan jijiyar ji, dama da hagu. Na kuma karanta cewa irin wanda ke kama ɓangare biyun nan gado ne, kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Na tuna an ce mahaifiyar Baba ma ta kurmance da ƙuruciyarta.

Tun daga lokacin, duk safiya kafin in sauko daga gado sai na murza yatsuna biyu kusa da kunnen hagu, sannan na dama, in ji ko sautin ɗaya ne. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ban kuma taɓa samun ƙarfin halin zuwa a duba ni ba, ni da nake duba na wasu.

Ina cikin mota saƙonsa ya shigo.

"Malamar Haske, barka da dawowa. In kin samu sarari yau ina son ganinki. Magana ce, ba ta wasa ba."

Na tura masa, "Ka fara faci da sassafe?"

Ya karanta, bai ba ni amsa ba. Abin da bai taɓa yi ba.

A sashenmu akwai wani ƙaramin ɗaki da ba shi da taga, kantoci ne jere har sama. Duk wanda za a yi wa gashi a ka, ana tsoma wata farar roba mai raga-raga a ruwan ɗumi, a shimfiɗa masa a fuska, ta bushe ta ɗauki kamanninsa, don kada kansa ya motsa ranar aiki. Mu fuska kawai muke ce mata. A ɗakin nan ake jera su, fararen fuskoki babu ido babu baki, kowace tana kallon rufi. Sababbin ma'aikata ba sa son shiga su kaɗai. Ni na saba, har gaishe su nake yi.

Na shiga ɗauko kan robar gwaji. Na kunna fitila, na ɗaga ido, sai ga Baba a kanta ta biyu.

Wallahi haka na gani. Faffaɗan goshin nan, dogon haɓa, ƙashin kumatun da ya ɗago. Na dafa bango. Na ce a raina, ke, Baba ya fi shekara goma a ƙasa, ki dawo hayyacinki. Na matsa a hankali na sauko da ita. Sai na ga karan hancin ya ɗan kauce hagu. Hancin Baba miƙaƙƙe ne. Wanda ya karya hanci a filin ƙwallo yana yaro, har Mama ta yi ta kuka a hanyar asibiti, mutum ɗaya ne.

Na juya gefen fuskar inda ake manna suna. Sunan Yaya ne.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye rungume da ita ba. Muryar shugabar sashenmu ce ta dawo da ni. Dattijuwa ce mai furfura, ba ta da yawan magana, ta tsaya a bakin ƙofa da farar rigar aikinta.

"Na so in riga ki shigowa nan," ta ce. "Ajiye ta, ki biyo ni ofis."

A ofis ta ja mini kujera, ta tsiyaya mini ruwa. Ta ce Yaya da kansa ya zaɓi ya zo lokacin da nake hutu, ya kuma roƙi kada a gaya mini, amma ta faɗa masa tun ranar cewa ba yadda za a yi a ɓoye mini abin da ke cikin sashen da nake aiki.

"Ranki ya daɗe, ki bar ni in tsara masa. Babu wanda zai kula da shi kamar ni."

"A'a."

"To gwajin kawai. In auna da hannuna."

"'Yar nan, dubi hannun naki."

Na duba. Ruwan kofin sai rawa yake yi.

"Ni zan tsara, wani ya sake bin lissafina, na uku ya auna," ta ce. "Ke a wannan aikin ƙanwar mara lafiya ce. Je ki yi aikin ƙanwa."

Shagon Yaya na kayan lantarki yana kan babban titi. Na same shi a bayan kanta yana gwada wa wata mata fanka, sanye da shuɗiyar rigar nan da matarsa ta ɗinka masa. Na tsaya ta hagunsa na yi sallama. Bai juyo ba. Na sake yi. Sai da matar ta nuna masa ni, sannan ya waiwayo, ya karkatar da kai, ya miƙo mini kunnen dama yana murmushi.

Ya Allah. Wata nawa yana yin haka a gabana, ni ina cewa hankalinsa ne ke kan kasuwa?

Da matar ta fita ya kalle ni, ya ce, "Kin gani ke nan."

"Yaya, ni za ka ɓoye wa? Ni?"

"To wa zan ɓoye wa in ba ke ba? Ke kin san ƙarshen labarin. Sauran ba su sani ba."

Ya ja mini kujerar roba, ya zauna a kan kwalin firji. Ya ce tun bara yake jin ƙara a kunnen kamar an bar rediyo babu tasha. Hoto ya nuna ƙari a hagu, da wani ɗan mitsitsi a dama. Likita ya ce na hagun za a gasa don a tsayar da shi, jin da ya tafi ba lallai ya dawo ba, na daman kuma a zuba masa ido.

"Ba ta kaina nake ba, Auta. Ta yarinyar nan nake." 'Yarsa yake nufi, mai shekara huɗu, wadda ba ta barci sai ya goya ta ya zaga falo da ita. "An ɗebi jinina don a gano inda matsalar take, in ta girma a duba ta. Gwajin asibiti bai ga komai ba. Likita ya ce ba wai babu ba ne, abin ne ya ɓuya a inda injinsu ba ya kaiwa. Sai ya tura ni ginin baya."

Na ce, "Wajen wa?"

Ya kawar da kai. "Wajen mutuminki. Ni na roƙe shi ya yi shiru. Kada ki ga laifinsa. Kuma don girman Allah, kada Mama ta ji. Ta yi jinyar mutum ɗaya, ya ishe ta."

Daga shagon ban koma sashenmu ba, ginin bincike na nufa. Ofishin Mai Faci kamar kullum: allon kwamfuta biyu, kofunan shayi da suka bushe, wata shuka a bakin taga da ke neman rai. Yana ganin fuskata ya miƙe.

"Dama abin da nake son gaya miki ke nan, cewa ki je ki ga Yaya. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan."

"Kana zuwa gidanmu, kana zama a falonmu, kana tsokanata, alhali ka sani?"

"Amana ce. Da na ci tasa, yaya za ki yarda zan riƙe taki?"

Na so in yi masa ihu. Na zauna. Ya ce Yaya ya ba shi izini in har na sani ya nuna mini. Ya juyo da allon. Layuka ne masu launi a jere, wasu kan wasu.

"Gwajin asibiti ƙananan gutsattsari yake karantawa," ya ce. "Wurin nan kuwa rubutun maimaita kansa yake yi, layi ɗaya sau da yawa, sai ƙananan su rasa inda za su zauna. Muka yi amfani da injin da ke karanta dogaye. Na yi makonni ina jera su. Kin ga nan? Wani yanki ne ya yanke, ya juya baya, ya koma ya zauna a kife. Babu abin da ya ɓata, shi ya sa ba su gani ba. Ɗakin gwajin asibiti sun sake dubawa, sun tabbatar."

Na ƙura wa wurin ido. Wani ɗan jan layi, bai kai tsawon farcena ba a kan allon. Shi ya zaunar da Baba a kujerar katako. Shi ya kurmantar da kakar da ban taɓa gani ba.

"Yanzu da aka san wurin," na ce, "duba ni abu ne mai sauƙi."

"Mai sauƙi ne. Amma ba ni zan yi ba, ba kuma zan taɓa jininki ba. Akwai likitar da ke zama da mutum ta yi masa bayani kafin da bayan gwaji. Wajenta za ki je, in kin ga dama." Ya dawo gabana ya tsuguna. "Abin da nake roƙo ɗaya ne. Ki bar manyana su zo kafin sakamako ya fito."

"Don me?"

"Don kada wata rana ki zauna kina tunanin ko da ya fito ta ɗaya hanyar da na gudu."

"In na kurmance fa?"

"Sai in koyi magana da hannu. Dama kin ce surutuna ya yi yawa."

"In fuskata ta karkace? In 'ya'yanmu suka ɗauka? Kai ka fi kowa sanin lissafin."

Na ji daɗin da bai yi saurin ba ni amsa ba, na kuma ji tsoron hakan. Can ya ce, "Wannan ban da amsarsa yau. Amma gara mu neme ta tare."

Ranar da aka yi wa Yaya aiki, cewa ya yi wa Mama zai je sarin kaya. Shugabarmu ta bar ni na tsaya a bayan masu sarrafa na'ura, da sharaɗin hannuna na cikin aljihu. Kafin nan ta kira ni ta nuna mini sakamakon gwajin da suka yi a kan robar: abin da aka auna ya hau kan abin da aka lissafa, kamar an ɗora tafi a kan tafi. Na gode mata, amma zuciyata ba ta karanta lamba a ranar.

Ta allon kyamara na ga an kwantar da shi, an kifa masa farar fuskar, an ɗaure ta a jikin gado. Aka rufe ƙatuwar ƙofar. Na'urar ta fara zagaya kansa a hankali tana ƙugi. Na ga wannan sau ɗaruruwa, amma ranar wanda na gani a kwance ba Yaya ba ne kaɗai. Ina kallon yatsun ƙafarsa suna motsi a cikin safa, ina cewa a raina, Baba, da lokacinka akwai wannan. Da aka buɗe ƙofa ya fito da shatin raga a goshi da kumatu, ya ce, "Shi ke nan? Ni da na zaci zan ji ƙauri." Na yi dariya, hawaye na zuba.

Ban bar zuciyata ta huce ba. Daga nan na hau bene wajen likitar da Mai Faci ya faɗa. Ta yi mini tambayoyi, ta tambaye ni wa zan kira in labarin bai yi daɗi ba. Na miƙa hannu aka ɗebi jinin. Ta ce sai bayan 'yan makonni.

Na iso gida da la'asar, audugar tana manne a gwiwar hannuna a ƙarƙashin riga. A bakin ƙofar falo na ga takalma biyu na mata da ban sani ba, ɗaya mai duwatsu. Ƙamshin wani turare mai nauyi ya tare ni. Mama ta fito da kofunan gilashin da ba ta taɓa su sai da babban dalili, da butar shayi a kan tire.

"Ga ta nan," in ji Mama, fuskarta kamar an ba ta kyautar duniya. "Auta, zo ki gaida surukarki. Hanya ce ta biyo da su, suka ce bari su leƙo."

Mahaifiyar Mai Faci ce da ƙanwarta. Mahaifiyar doguwar mace ce, leshi ruwan zuma, zobe a yatsu uku, idanunta irin nasa sak. Na durƙusa na gaishe su. Ta kamo hannuna, wanda aka ɗebi jinin, ta zaunar da ni kusa da ita.

"Masha Allah. Ɗana ba ya magana biyu sai ya sako ki a ta uku." Ta ɗaga ido ga hoton Baba da ke bango. "Wannan ne marigayin? Allah ya ji ƙansa. Da ƙuruciyarsa ya tafi. Me ya yi ajalinsa ne, in ba za ku damu ba?"

"Hawan jini," in ji Mama, tun kafin matar ta rufe baki. Ba ta kalli kowa ba, sai gyara kofuna take yi a kan tire, kofunan da babu abin da ya same su.

A nan na gane Mama ta san ciwon Baba gado ne. Ba yau ba, ba jiya ba. Ta sani tun ina yarinya, ta haɗiye, tana ta tura ni gidan aure kafin wani ya yi tambayar nan.

Yaya ya ce kada ta ji nasa, kuma ba zan faɗi nasa ba. Amma wannan matar ɗanta za ta ba ni, jikokinta ake magana. Wayata ta yi ƙara a jaka, na san shi ne, ban duba ba.

"Ba hawan jini ba ne, Mama," na ce.

Murfin butar shayin ya suɓuce daga hannun Mama, ya gangara ƙarƙashin kujera. Babu wanda ya sunkuya ɗauko shi. Surukar tawa ba ta saki hannuna ba, ba ta kuma ƙara riƙe shi ba. Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni.

"To, 'yata," ta ce a hankali, "ina jin ki."